Koyar da 'Yan Nazare Turanci a Kafanchan: Jagora ga Baƙuwar Malama

Kowace shekara aiki yakan jefa wasu matasa kudancin Jihar Kaduna, su wayi gari a gaban ajin 'yan shekara uku zuwa biyar. Wata bautar ƙasa ce ta kawo ta daga Katsina ko Sakkwato, wata aure, wata kuma canjin wurin aiki aka yi wa maigidanta. Mai makaranta zai miƙa mata alli da rajista, ya ja mata kunne cewa iyaye Turanci suke so su ji a bakin 'ya'yansu, ya juya ya bar ta. Domin irinta aka rubuta wannan jagora. Tun da mata ne suka fi riƙe azuzuwan nazare, da ke nake magana, malama. Malami namiji ya ɗebi abin da ya shafe shi.

Ga gundarin maganar tun daga farko. Ƙaramin yaro da kunne yake fara kama harshe, sai jikinsa ya amsa, sai bakinsa ya buɗe, hannu kuwa shi ne na ƙarshe. Yawancin wahalar da ake sha a nazare daga birkita wannan jeri take tasowa: a damƙa wa ɗan shekara uku fensir ya cika shafi da baƙaƙe, alhali ko a ce masa ya zo da Turanci ba ya ganewa.

Fara da sanin garin

Kafanchan garin jirgin ƙasa ne. Tun ƙarshen shekarun 1920 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu a nan, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Aikin reluwe ya tara Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauran jama'a, suka zauna tare da Fantswam, masu ƙasar, da maƙwabtansu. Harkar jirgi ta ja baya, amma cakuɗar tana nan, kuma a ajinki za ki fara ganin ta.

A Kagoro ana Gworok, a Manchok ana Sholio, Bajju na Zonkwa suna Jju, Atyap na Zangon Kataf suna Tyap, Ham na Kwoi suna Hyam. Ga Gwong na Kagoma, ga Kaninkon, ga Ninzo, ga Adara na Kachia, ga Fulfulde a rugage. Fantswam da Gworok da Sholio da Tyap dangin juna ne, masu yin su suna fahimtar juna. Ki lura da sunaye. Kaje da Kataf da Jaba da Kadara su ne kika saba ji a gida, amma mutanen sun fi so a kira su Bajju, Atyap, Ham da Adara. Ki saba wa bakinki tun da wuri.

Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa da tasha da coci da masallaci. Yara da yawa a Takau ko Katsit ko Bayan Loko da ita suke tashi kafin harshen iyayensu, wasu kuma da Turancin buroka. Ke nan Turancin makaranta ga wani harshe na biyu ne, ga wani na uku ko na huɗu. Hausarki ita ce babban jarinki a wannan aji. Sai dai za ki ji ta da wata kala, har a ce yarinya "ya tafi". Kada ki yi dariya, kada ki tsaya gyara. Hausar gari ce, kuma da ita za ki isa ga yaran.

Aikin makon farko

Ki ajiye manhaja a gefe, ki yi abubuwa uku.

Na ɗaya, rajistar harsuna. Ki tsaya a bakin ƙofa da safe, ki gaida duk wanda ya kawo yaro, ki tambayi harshen da ake yi masa a gida da wanda yake yini a hannunsa. Sau da yawa kaka ce, kuma kaka ba ta buroka. Ki nemi yadda yaron ke faɗin abu biyar: ruwa, yunwa, fitsari, kashi, ciwo. Ki rubuta su da kowane harshe da ke ajin, ki manna kusa da teburinki. Yaron da ya roƙi fita har sau uku ba a gane shi ba, ya jiƙa wando a gaban 'yan'uwansa, zai daɗe bai sake buɗe baki ba.

Na biyu, sunaye. Ki koyi sunan kowane yaro yadda uwarsa ke faɗa, ko da ya yi wa harshenki nauyi. Kada ki laƙaba masa wani don sauƙinki.

Na uku, lallashi. Mai kuka ba ya jin darasi. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki yi masa magana da harshen da yake ji. Idan ajin yana da nani 'yar gari, ki riƙe ta da mutunci, ki kira ta Mama ko Anti gwargwadon shekarunta. Ta san gidan kowane yaro, ta san yarensa, kuma ita za ta fitar da ke a ranar da kika rasa ta cewa.

Matsayin harshen gida

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a koyar da 'yan nazare da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai wannan har aji shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke shi, aka koma Turanci daga tushe. Makarantun kuɗi dama tuni da Turanci suke tallar kansu. Saboda haka duk inda kika shiga, Turanci za a nema a wurinki.

Hukuma na iya sauya harshen koyarwa, amma yadda kan yaro ke ɗaukar magana yana nan yadda yake. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi guda a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Harshen gida ba kishiyar Turanci ba ne. Yaron da ya san ƙirga da launi da gaba da baya a yarensu, sabon suna kawai yake nema wa abin da ya riga ya sani.

Don haka babu duka, babu tara, babu durƙuso saboda yaro ya yi yare a aji. Ƙa'idar ita ce wannan: ki faɗa da Turanci kina nunawa da hannu, ki maimaita. In har ba su gane ba, ki jefa kalmar Hausa ɗaya, ki koma Turanci nan take. Kada ki riƙa fassara kowace jimla, domin yara suna da wayo, za su toshe kunne su jira Hausar. Wurin haɗari, ciwo, rabon faɗa da lallashi kuwa, yi da harshen da yaro ya fi ji.

Shirun yaro ba daƙiƙanci ba ne

Wata masaniya Ba'amurkiya, Patton Tabors, ta bi diddigin ƙananan yaran da aka sa a nazaren da ba a yin harshensu, ta fitar da littafi a kai a 1997. Ta ga matakai huɗu. Da farko yaro yakan ci gaba da yarensa ga kowa. Da ya lura ba a gane shi, sai ya yi tsit, yana kallo yana saurare. Daga nan ya fara jefa kalma ɗaiɗai da guntayen maganar da ya haddace dunƙule, irin su "my own" ko "Aunty, see". A ƙarshe ya fara ƙera jimlarsa da kansa, da kurakuranta.

Shirun nan kan ɗauki makonni, ga wasu har watanni. A nan ne malamai da yawa ke ɓata aiki, su tsai da yaro gaban aji su ce sai ya maimaita. Kada ki yi haka. Ki duba wasu alamun: idonsa na bin abin da kika ambata? Yana tashi in an ce a tashi? Leɓensa na motsi lokacin waƙa? Kina jin sa yana gunaguni shi kaɗai a gefen tabarma? In haka ne, karatu na shiga. Da rarrafe yaro kan tashi.

Darasin umarni: yadda ake yin sa

Wannan dabara James Asher na Jami'ar San Jose da ke Kalifoniya ne ya tsara ta a shekarun 1960. Malama ta ba da umarni, yara su amsa da jiki, ba a neman su ce uffan. Ita ce ta fi dacewa da zangon farko, kuma ba ta cin ko kwabo.

Ki ɗauko kujeru biyu, ke da nani, ku fuskanci yara. Ki ce "stand up", ku miƙe tare. Ki ce "sit down", ku zauna. Ku yi haka sau uku yara na kallo. Sai ki yafito su da hannu su shigo ciki, ku yi gaba ɗaya kamar sau biyar. Yanzu ga wurin gwaji: ki faɗi umarnin, amma ki ɗan jinkirta kafin ki motsa. Waɗanda suka riga ki tashi sun kama da kunne, waɗanda suka jira ki da ido suke bi. Daga nan ki hargitsa jerin. Suna zaune ki sake cewa "sit down". Rabinsu za su zabura su miƙe, aji ya kwashe da dariya, kuma daga ranar sun koyi cewa sai an saurara.

Kada sababbin umarni su wuce uku a zama guda, kuma kullum ki fara da na jiya. Mako na biyu ki shiga sassan jiki da kayan aji: "touch your nose", "walk to the door", "give me the cup". Mako na uku ki fara haɗa tsofaffin kalmomi ta hanyar da ba su taɓa ji ba. Ki ce "put the cup on your head". Yaron da ya tsaya, ya dube ki, ya dubi kofin, ya ɗora shi a ka yana murmushi, ya ba ki hujjar da babu jarrabawar da za ta ba ki: ya fahimci jimlar da ba a taɓa koya masa ba.

Idan wasu suka fara faɗin umarnin tare da ke, lokacin juya wasa ya yi. Ki kira mai ƙarfin hali ya zama Anti, ke ki koma cikin yara. Ba abin da ke buɗe bakin yaro kamar ya ce "jump" ya ga malamarsa ta yi tsalle.

Tsarin yini

Maimaici ne ke dasa harshe, saboda haka yinin ya riƙa tafiya iri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya a kowace gaɓa. Kowane aiki na zaune kada ya wuce minti goma ga 'yan shekara uku, sha biyar ga 'yan biyar, kuma a bi shi da na motsi. Ga misali da za ki daidaita da agogon makarantarku:

- 8:00, tarba a ƙofa, gaisuwa da sunan kowane yaro.
- 8:15, da'ira a kan tabarma: waƙar safe, kiran suna, yanayin gari.
- 8:30, darasin umarni.
- 8:45, kalmomin mako da kayan gaske.
- 9:00, wanke hannu, tara, wasa a waje.
- 10:00, labari da hotuna.
- 10:15, aikin hannu rukuni-rukuni.
- 11:00, waƙa da rawa, sannan hutu.
- 11:45, bitar yini da sallama.

Kada ki ɗauka wanke hannu da cin abinci hutu ne daga koyarwa. Nan ne Turanci ya fi zama, domin ga sabulu, ga ruwa, ga cokali a hannun yaro. Ki zaɓi jimla ɗaya ga kowane aiki, ki tsaya a kanta. In yau kin ce "line up", gobe ma ita ce, kuma ki roƙi nani ta riƙe ta.

Kayan aiki suna kasuwa

Littattafai da yawa da tuffa suke farawa, su bi da dusar ƙanƙara da dabbobin da yaron bai taɓa gani ba. Ke fara da abin da yake gani a hanyar makaranta: lemo, ayaba, mangwaro, gwaiba, masara, doya, akuya, kaza, kare, babur. Kudancin Kaduna ƙasar citta ce, ki kawo saiwa guda su shinshina, ga kalmar ƙamshi da ta yaji sun samu. Kalma shida zuwa takwas sun isa mako, muddin ana juya su cikin wasa da waƙa da labari.

Ki ɗinka ɗan buhu na atamfa, ki zuba abu huɗu a ciki. Yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya laluba, ki tambaya "what is it?", ya fiddo. In ya faɗa da Hausa, ki gyaɗa kai ki ba shi na Turanci. In bai ce komai ba, aji ya taya shi. Kwalin taliya yakan zama katin hoto, marafen robar lemo su zama kayan ƙirga da launi. Amma duk abin da zai iya shigewa baki ko hanci, irin su gyaɗa da wake da ƙananan marafe, ki nisanta shi daga 'yan ƙasa da shekara uku.

Waƙa da labari

Yaro na iya rera doguwar waƙar Turanci daga farko har ƙarshe bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Iyaye za su tafa, amma ba a ƙaru ba. Waƙar da ke aiki ita ce gajera, mai amshi, wadda kowane layi yake da motsinsa. Ki ɗauki karin da yaran suka sani a dandali, ki ɗora masa kalmomin makon, ke ki bayar su amsa. Ki guji karin waƙar ibada, ta coci ko ta Islamiyya, in ajin gauraye ne.

Labari ɗaya ya ishe ki mako. Ranar Litinin ki ba su shi da Hausa, ko na Gizo da Ƙoƙi ne, su san inda aka dosa. Daga Talata ki koma Turanci mai sauƙi, da hotuna huɗu ko biyar da kika zana, da jimla guda da ke dawowa a kowane shafi. Ranar Alhamis ki riƙa tsayawa kafin jimlar, su cika. Ranar Juma'a su kwaikwaya. In kina da waya, shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da ƙananan labarai kyauta da Turanci da Hausa.

Kada dai wayar ta zama malama. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washinton ta gwada jarirai 'yan wata tara da Sinanci. Waɗanda mutum ya zauna ya yi wa magana ido da ido sun koyi bambanta sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ba su koya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ba da shawarar kada 'yan shekara biyu zuwa huɗu su wuce awa ɗaya a yini gaban talabijin ko waya.

Gyara bakinki kafin nasu

Yara yadda kika furta haka za su ɗauka. Mu Hausawa mukan haɗa sautin p da f, mu maida v ta zama b, mu cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Harsuna irin su Tyap da Jju suna rarrabe p da f da v, don haka yaronki na iya zuwa da abin da ke ba ki da shi. Kada ki ɓata masa. Ki riƙe 'yar takarda gaban bakinki: a "pan" leɓɓa su haɗu su fashe, takardar ta yi tsalle, a "fan" haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Ki ɗauki muryarki a waya kina faɗin kalmomin mako, ki saurara tun kafin Litinin.

Su kuma tasu matsalar "he" da "she" ce, domin yarukan yankin da buroka ba sa raba namiji da mace a nan. Ki tsai da yaro da yarinya a gaba, ki riƙa nunawa kina faɗa, kullum kaɗan-kaɗan.

Gyaran kuskure kuwa ba da tsawa ake yi ba. Yaro ya ce "he dey cry", ki amsa "yes, she is crying", ki wuce. Ya ji daidai, kuma bai ji kunya ba.

Sauti kafin rubutu

Daga shekara huɗu, bayan kunne ya saba, sai a shiga sautukan baƙaƙe. Tsarin Jolly Phonics, wanda aka horar da malamai da yawa a kansa a Nijeriya, yana da sautuka 42, kuma yana farawa da s, a, t, i, p, n, domin da su kaɗai ana haɗa kalmomi kamar "sat" da "pin" da "tap". Sautin ake koyarwa kafin sunan baƙi, ɗaya ko biyu a mako. Ki tabbata yaro ya san abin da kalmar ke nufi kafin ya haɗa ta.

'Yan shekara uku hannunsu bai nuna ba. Su yi zane da yatsa a faranti mai yashi, su mulmula yumɓu, su yaga takarda, su ja layi da gawayi ko alli mai kauri. Kama hannun yaro ana jan sa a kan layi yana kuka ba ya haifar da komai sai ƙin makaranta.

Iyaye da mai makaranta

Uban da ya sayar da buhun citta ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya ga abin da ya saya, kuma abin da ya saba gani shi ne littafi cike da jan biro. Kada ki yi gardama, nuna masa. A taron iyaye da malamai ki roƙi minti goma, ki jera yaran, ki ba su umarni goma a jere su aikata. Wanda ya ga 'yarsa ta ɗauko jan kofi ta sa ƙarƙashin kujera daga jin magana, ba zai sake tambayar jinga ba. Kowace Juma'a ki aika 'yar takarda ko saƙon murya ta WhatsApp da kalmomin makon.

Wasu iyayen za su ce sun hana yare a gida don Turanci ya zauna. Ki ba su haƙuri, ki ce: "Mama, ku riƙe masa Jju ɗinsa, ku bar mini Turancin." Hira mai daɗi da kaka cikin yare ta fi masa amfani a kan guntun Turancin da ba a sake da shi ba, kuma harsunan yankin nan da dama suna raguwa a bakin yaran gari.

Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 25 a nazare. In an tara miki arba'in, ki raba su uku: rukuni ɗaya tare da ke, ɗaya tare da nani, ɗaya a kan aikin hannu, ku riƙa juyawa.

Yadda za ki auna ci gaba

Ki ware shafi ga kowane yaro, ki riƙa duba biyar a kowace rana ba tare da sun sani ba. Yana bin umarni ba tare da ya kalli na kusa da shi ba? Yana nuna abu in an ambata? Yana amsa gaisuwa? Yana roƙon ruwa ko fita da Turanci? Ya fara haɗa kalma biyu da kansa? Wannan ya fi jarrabawar takarda faɗin gaskiya.

Akwai shirun da ba na baƙon harshe ba ne. Yaron da ya kai shekara uku ba ya haɗa kalmomi ko da yaren gida, ko ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, ko kunnensa na zubar da ruwa, ki sanar da shugabar makaranta, ku zauna da iyayen cikin sirri, a kai shi asibiti a duba jinsa. A Kafanchan akwai babban asibiti.

Zaman baƙunta

Garin ya ga rikici, a 1987 da 2011 da wasu lokutan, kuma mutane ba su manta ba. Mai yiwuwa ajinki ya haɗa 'ya'yan Kirista da na Musulmi. Ki tambayi ƙa'idar makaranta kan addu'ar safe, ki tsaya a kanta. Kada ki koya wa ɗan wani ibadar da ba ta gidansu ba, kada ki bari a yi musayar abinci ba da sanin iyaye ba, kuma kada ki miƙa yaro ga wanda ba a gabatar miki ba. Kirsimeti da Sallah duka ki taya yara murna. A unguwa ki yawaita gaisuwa, ki kai wa mai unguwa ziyara, ki kame bakinki daga siyasar da ba ki san tushenta ba.

Daminar nan ta fi ta Kano tsawo da ƙarfi, daga wajen Afrilu har Oktoba. In ruwa ya sauko a kan rufin kwano, ko ihu kike ba mai jin ki. Ki tanadi wasannin kwaikwayo da zane don irin wannan lokaci. Ki fita ki ga ƙasar: ruwan Matsirga kusa da Madakiya, duwatsun Kagoro da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, bikin Tuk Ham na Kwoi. Hoton wurin da yaro ya sani yakan sa shi magana fiye da kowane zanen littafi. Ki kuma nemi tsofaffin malaman yankin, da yawansu sun fito daga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ki roƙi izinin zama a bayan ajinsu ki kalla. Tambaya rabin ilimi ce.

In shekara ɗaya za ki yi, kamar yadda 'yan bautar ƙasa ke yi, ki buɗe littafi tun yau: rajistar harsuna, umarnin da aka koya, waƙoƙi, labarai, da shafin kowane yaro. Ki bar wa mai gadonki, kada yaran su koma farko. Kuma ki sanar da su tafiyarki da mako biyu, kada su zo su tarar da baƙuwar fuska.

Malama, kada ki auna kanki da yawan shafukan da aka cika. In zango ya ƙare yaranki suna shigowa aji da gudu, suna gane abin da kika ce, suna roƙon abin da suke so da Turanci ba tsoro, kuma yarensu na nan a bakinsu, kin sauke nauyin da aka ɗora miki. Karatu da rubutu za su zo a kan lokacinsu. Allah ya ba da haƙuri da sa'a.